Darasi na 9: Shirin Ambaliya a Garuruwan Bakin Kogi

Wanda ya tashi a bakin kogi ba sai an gaya masa mene ne ambaliya ba. Ya ga shinkafa ta fara fitar da kai ruwa ya shanye ta cikin dare ɗaya. Ya ga katangar ƙasa ta jiƙe daga gindi ta zube. Wataƙila ma ya taɓa kwana a ajin firamare, shi da iyalinsa da 'yan awakinsa, yana jiran ruwa ya janye. Saboda haka ba za mu tsaya bayanin abin da kuka riga kuka gani da idonku ba. Za mu duba inda ruwan yake fitowa, da dalilin da ya sa halinsa ya canja a zamaninmu, sannan mu zauna sosai a kan aikin da gari zai yi tun da rani, lokacin da kogi yake kwance. Kogin Haɗeja shi ne misalinmu. Wanda garinsa yake bakin Rima ko Binuwai ko Kwara sai ya riƙa sa sunan nasa kogin a wurin.

Inda ruwan yake fitowa

Ruwan da yake cin gonakin Auyo, yawancinsa ba a Auyo aka yi shi ba. Kogin Kano yana gangarowa daga tsaunukan kudancin Jihar Kano, Kogin Chalawa kuma daga yamma. Suna haɗuwa kafin Wudil, daga nan sunan ya koma Kogin Haɗeja. Ya shiga Jigawa ta Ringim, ya bi ta ƙasashen Taura da Jahun da Miga da Auyo, ya wuce Haɗeja zuwa Kiri Kasamma da Guri. A wannan yanki ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta da gangara sosai, don haka kogin yakan rarrabu gida-gida, wani reshe ya bi ta Marma ya zuba a tafkin Nguru. Can wajen Gashuwa ruwan Haɗeja yake gamuwa da na Kogin Jama'are, wanda ya taso daga tsaunukan Jos, su zama Kogin Yobe, ya bi ta Gaidam da kan iyakar Nijar wajen Difa har Tafkin Chadi.

Amfanin sanin wannan hanya a fili yake. In an kwana uku ana tafka ruwa a Tudun Wada da Rano da Ƙaraye, mutumin Guri yana iya kallon sama ya ga babu ko gajimare, alhali ruwansa yana kan hanya.

Ambaliya iri biyu ce, kuma shirinsu ya bambanta. Akwai ta farat ɗaya, wadda take zuwa cikin sa'o'i ko mintoci. Irinta ce ta afka wa Mokwa a Jihar Neja a ƙarshen watan Mayun 2025, bayan ruwan dare, mutum fiye da 150 suka rasu. Irinta ce kuma ta shiga Maiduguri ranar 10 ga Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. Akwai kuma mai rarrafe, wadda kogi yake ƙaruwa kaɗan-kaɗan, yau taƙi ɗaya gobe taƙi biyu, har ya fi ƙarfin gaɓarsa. Ta Kogin Haɗeja galibi mai rarrafe ce. Ruwan da ya wuce ƙarƙashin gadar Wudil yana ɗaukar kwanaki kafin ya isa Haɗeja, ya ƙara wasu kafin ya kai Guri. Waɗannan kwanaki su ne jarin mutanen da suke ƙasan kogi, kuma abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda akan bar su su wuce ba a yi komai da su ba.

Dam da kachala

An kammala madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, ta Chalawa kuma a 1992, don noman rani da ruwan sha. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce take kula da su. Duk shekarar da ruwa ya yi ɓarna za ku ji ana cewa “an saki dam”. Ya kamata mu fahimci wannan magana da kyau. Kowace madatsa ana gina ta da mafitar da ruwa zai bi in ta cika maƙil. In babu wannan mafita ruwan zai haura ta saman bangon ya cinye shi, abin da yake ciki ya fito gaba ɗaya. Kanawa sun ga ɓarnar fashewar madatsa a 1988 da ta Bagauda ta fashe. Fitar ruwa daga dam a ƙarshen damina mai ƙarfi abu ne da ba makawa. Haƙƙin mutanen ƙasan kogi shi ne a sanar da su da wuri, da harshen da suke ji, kuma a riƙa rage ruwan da lissafi tun kafin madatsar ta cika. A kan wannan ya dace gari ya matsa wa wakilansa.

Akwai wata illa ta dam da ba a cika ambata ba. Dattawa za su gaya muku cewa a da kogin yakan ƙafe da rani, a taka yashi a ƙetare. Tun da aka fara sakin ruwa duk tsawon shekara saboda noman rani, hanyoyin ruwa suka daina bushewa, ciyawar kachala ta samu wurin zama. Kachala tana rage wa ruwa gudu, ruwan da ya rage gudu yana ajiye yashi da laka, laka kuma tana ƙara wa kachala gindin zama. A haka tsofaffin hanyoyi suka cushe. Ruwan da ya rasa hanyarsa sai ya fantsama inda ba a saba ganinsa ba: wasu garuruwa gonakinsu suka zama tafki na dindindin, wasu can gaba fadamarsu ta bushe. Ga kuma tsuntsayen jan-baki da suke samun mafaka a cikin kachalar, su fito su far wa gero da shinkafa.

Me ya canja a sama

Waɗanda suka manyanta a cikinku sun ga farin 1973 da na 1984. A waɗannan shekaru na ƙarancin ruwa kogi ya ja baya, wuraren da kakanni suke kira kwari ko tafki suka bushe shekara da shekaru. Jama'a ta ƙaru, aka yanka filaye a wurin, aka yi gidaje da kasuwanni, har da makarantu. Yaron da aka haifa a irin wannan unguwa bai taɓa sanin cewa gidansu a makwancin ruwa yake ba.

Daga wajen 1990 damina ta fara farfaɗowa, sai dai ba da irin halinta na da ba. Hayaƙin man fetur da gas da kwal da duniya take ƙonawa, musamman ƙasashe masu manyan masana'antu, yana taruwa a sama yana riƙe zafi. Wannan shi ake kira ɗumamar yanayi. Iska mai zafi ta fi ɗaukar danshi: duk ƙarin digiri 1 na zafi yana sa ta riƙe ƙarin ruwa kamar kashi 7 cikin 100. Abin da ta ɗauka kuwa sai ta sauke. Wani bincike da aka buga a 2017, wanda ya bi hotunan tauraron ɗan'adam na yankin Sahel tun daga 1982, ya gano cewa manya-manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku. Manomi ya riga ya lura da haka a gonarsa: a yi kwana goma sha biyar babu ɗigo har shuka ta fara yaushi, sannan ruwan wata guda ya sauka a dare ɗaya.

Bari mu yi ɗan lissafi, don a ga nauyin abin. In an ce an yi ruwa milimita 1, ana nufin lita 1 ta sauka a kan kowane fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1. Hekta ɗaya tana da irin wannan fili 10,000. To in an yi ruwa milimita 100 a dare ɗaya, hekta ɗaya ta karɓi lita 1,000,000, wato jarka 40,000 mai cin lita 25. Gona ɗaya ke nan. In ƙasar tana da itatuwa da ciyawa da taki za ta sha kaso mai yawa. In kuwa an sare itatuwan, ƙasar ta zama faƙo, ruwan zai gangara kogi kusan gaba ɗayansa, ya tafi da ƙasar saman gonar ya je ya ƙara cushe hanya.

Shi ya sa manyan ambaliyoyi suka matso kusa da juna. A 2012 hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ƙirga mutum 363 da suka rasu a faɗin Nijeriya, fiye da miliyan 2 suka bar gidajensu. A 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600, kuma Jigawa tana cikin jihohin da abin ya fi taɓawa. Amma kada mu ɗora wa sauyin yanayi komai. Ba shi ya zuba shara a lambatu ba, ba shi ya sayar da fili a bakin gaɓa ba. Zafin duniya ya fi ƙarfin gari ɗaya, amma kwalbatin da ta toshe a ƙofar gari aikin safiya ɗaya ce ga samari ashirin.

Wani zai ce ambaliya ƙaddara ce. Haka ne, kuma babu mai jayayya. Sai dai mu tuna Annabi Nuhu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a kan busasshiyar ƙasa ya sassaƙa jirginsa, tun ba a ga hadari ba.

Zaman farko: taswirar gari

Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin shirin ambaliya shi ne bayan an gama girbi, daga Janairu zuwa Afrilu, sa'ad da ƙasa take bushe kuma mutane suke da ɗan abin hannu. Dagaci ko bulama ya kira zama. A tabbatar akwai liman, da sarkin ruwa, da sarkin noma, da arɗon makiyayan da suke yankin, da shugaban samari, da malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti mai riƙe alƙalami. Mata su samu wakilci na gaske, ko da zamansu daban za a yi a kawo abin da suka ce. Su ne suke cikin gida lokacin da ruwa yake shigowa, su suka san gidan da yake da mai tsohon ciki da wanda yake da tsohuwar da ba ta iya tashi, kuma yawancinsu ba su iya iyo ba.

Aikin farko shi ne zana gari, ko a ƙasa da tsinke, daga baya a mayar a takarda. A sa kogi, da masallaci, da kasuwa, da rijiyoyi, da maƙabarta, da hanyoyin fita. Sannan a tambayi dattawa: a shekarar da ruwa ya fi yawa, ina ya tsaya? Ta wace kusurwa ya fara shigowa? Wace hanya ce ta fara yankewa? Ina ne bai taɓa hawa ba? A bi su ƙafa da ƙafa a ga wuraren, a shafa fenti a jikin bishiya ko bangon siminti daidai inda ruwan 2012 ya kai, da inda na 2022 ya kai, a rubuta shekarar. Wannan ilimi yana cikin kawunan mutanen da suke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma babu ofishin da yake da shi a rubuce. Fentin yana da wani amfanin: duk mai son sayen fili a ƙasa da alamar ya ga abin da yake saye.

Sanda a bakin kogi, waya a aljihu

A birnin Yamai akwai ma'aunin ruwa a bakin kogi wanda ake karantawa kullum. In ruwa ya kai santimita 620 an shiga matakin ja, hukuma ta fara shelar a tashi daga bakin gaɓa. A Satumban 2020 ya kai wajen 700, jinga, wato bangon da ake yi don tare ruwa, ta ɓalle, unguwanni suka nutse. Ma'aunin bai hana ruwa zuwa ba, amma ya sa kowa ya san matakin da ake ciki, ba a tsaya gardamar “ya ƙaru” ko “bai ƙaru ba”.

Kowane gari zai iya yin nasa. A samu ƙarfe ko katako mai ƙwari a kafa shi da siminti a inda ruwa ba zai tumɓuke shi ba, ko a yi amfani da ƙafar gada. A ja layi duk bayan santimita 10. A raba shi launi uku bisa abin da dattawa suka nuna: kore inda ruwa yake tsayawa a damina ta yau da kullum, ruwan ɗorawa daga inda yake fara shiga gonakin fadama, ja daga inda ya rage kaɗan ya shiga gari. A ɗora wa mutum biyu karanta shi safe da yamma daga Yuli zuwa Oktoba, su rubuta a littafi. Masunta sun fi dacewa da wannan aiki, don kullum suna bakin ruwa, kuma suna gane canjin launinsa da irin tarkacen da yake ɗaukowa tun kafin ya hau. Bayan damina biyu ko uku littafin nan zai fara magana. Za ku iya cewa: in mutanen gari kaza da suke sama da mu suka ce nasu ya taɓa ja, mu muna da kwana kaza.

Wannan ya kawo mu ga waya. Ku ƙulla zumunci da garuruwa biyu ko uku da suke sama da ku a kan kogi, ku karɓi lambar mai karanta ma'auninsu, ku kuma ba na ƙasa da ku taku. Haka nan a samu lambar jami'in agajin gaggawa na ƙaramar hukuma. Kowace shekara kafin damina hukumar NiMet tana fitar da hasashen yadda damina za ta kasance, har da fassarar Hausa, hukumar NIHSA kuma tana fitar da jerin ƙananan hukumomin da suke cikin haɗarin ambaliya. Ana karanta su a rediyo. A sa mutum ɗaya ya bibiya ya kawo wa zaman gari. Hasashe ba wahayi ba ne, yana iya kuskurewa, amma wanda ya kwashe hatsinsa ruwa bai zo ba asararsa wahalar ɗauka ce kawai.

Inda shiri ya fi lalacewa shi ne tsakanin jin labari da motsawa. Labari yakan iso, sai kowa ya tsaya kallon maƙwabcinsa, ba mai son a ce shi ya fara tsorata. Maganin wannan shi ne a yanke hukunci tun da rani, a bainar jama'a, a kan abin da kowane launi yake nufi. Misali, in ruwa ya taɓa ruwan ɗorawa a kwashe hatsi da iri da taki zuwa tudu, a matsar da dabbobi, masu sintirin jinga su fara kwana a kanta. In ya taɓa ja a fitar da tsofaffi da marasa lafiya da masu ciki da yara, da rana, ba tare da an sake zaman shawara ba. A kuma amince da irin shelar da za a yi, ko ta lasifikar masallaci ko ta sanƙira, da wanda yake da ikon ba da umarnin a yi ta, da wanda zai tsaya a madadinsa in ya yi tafiya. Kowane aiki a rubuta sunan mai shi a gabansa, domin aikin da aka ce “samari za su yi” ba wanda zai yi shi.

Jinga

Mutanen ƙasar Haɗeja sun san jinga sarai. Da yawa a cikinku sun kwana a kanta da fitila da shebur, ana cika buhuna ana toshe inda ta fara yoyo. Ta ceci garuruwa, kuma aikin gayyar da ake yi a kanta abin alfahari ne. Amma akwai abubuwa game da ita da ya kamata a faɗa ba ɓoye-ɓoye.

Jingar da aka ɗaga a watan Agusta da jiƙaƙƙiyar ƙasa, cikin gaggawa, ba ta kai wadda aka gina da rani ba. Ta rani ana zuba ƙasa mai laka kaɗan-kaɗan, a yayyafa ruwa, a daddaɓe, sannan a ƙara wani sawun. Gindinta ya ninka samanta faɗi sosai, gefenta ya kwanta, a dasa ciyawa mai riƙe ƙasa a jikinta. Kada a haƙi ƙasar daga gindinta, don ramin da aka bari nan ruwa zai fara ci. Kafin damina a bi ta taku-taku ana neman ramin ɓera da na gafiya da gidan gara da inda shanu suka fasa hanya. Buhunan yashi kuma kada a cika su taf. A bar kamar kashi ɗaya cikin uku, a jera su yadda magini yake jera bulo, kowane ya hau kan gaɓar biyu na ƙasa, a tattake. In ana sintiri aka ga ruwa yana tsattsafowa ta bayan jinga garau, a sa ido. In ya fito da laka, yana cin cikinta ne, a tashi mutane.

Abu na biyu ya fi wuya. Ruwan da jingarku ta hana shiga bai ɓace ba, wani wurin ya nufa, kuma sau da yawa garin da yake tsallake ne ko na ƙasa da ku. In su ma suka ɗaga tasu, kogin ya matse, ya ƙara tsawo, har ya sami wadda ta fi rauni. Daga nan ake samun zargin cewa wasu sun je da dare sun fasa ta wasu, zumuncin shekaru ya lalace. Ra'ayina shi ne kada gari ya ɗaga jinga shi kaɗai. Hakimi ya tara dagatan da suke gaɓa ɗaya da na tsallake, da injiniyan hukuma in zai samu, a amince da inda za a kare da inda za a bar wa ruwa ya kwanta. Dole a bar masa wani wuri. Gara a zaɓa masa fadamar da ba kowa a ciki, a san yadda za a tallafa wa masu gonakin wurin, da a bari ya zaɓa da kansa. Haka yankan kachala da yashe hanya: in gari ɗaya ya share nasa na gaba bai share ba, wahala ce kawai aka sha.

Na uku, jinga tana sa mutane su saki jiki su yi gini a bayanta. Ranar da ta ɓalle kuwa, ambaliya mai rarrafe ta koma ta farat ɗaya. Duk garin da yake da jinga ya fi kowa buƙatar hanyar fita.

Tudu, gida da gona

A zaɓi tudun da za a koma tun da wuri, a nemi izinin masu shi, a duba ko akwai ruwan sha da wurin da za a haƙa masai, da inda mata za su samu sutura. A ware wa dabbobi nasu wurin, a kuma yi magana da makiyaya a kan burtalin da za su bi, domin lokacin da fadama ta cika kowa tudu yake nema, shanu da gonaki su haɗu a wuri ɗaya. A ƙirga kwale-kwalen da suke gari, a san adadin da kowane yake ɗauka, kuma kada a wuce shi ko ana kuka. A Oktoban 2022 jirgin da ya ɗauko masu gudun ambaliya ya kife a Ogbaru ta Jihar Anambra, mutane da dama suka rasu. Ruwa mai gudu ko iya ƙwauri ne yana kayar da babba.

A garuruwanmu rushewar ɗaki tana kashe mutane ko da ruwan bai kai gwiwa ba. Ginin ƙasa daga gindi yake mutuwa. Mai hali ya yi wa ɗakinsa gindi da dutse ko bulo sawu uku ko huɗu, marar hali ya yi masa dakali ya gyara indararo ya janye ruwa daga jikin bango. In ruwa ya kwana a gindin ɗaki, kada a kwana a cikinsa. Takardun gona da na makaranta da katin asibiti a naɗe su a leda a rataye a sama.

Manomin da yake da hali ya raba ƙafa, wani abu a fadama wani a tudu. Ku tambayi malamin gona irin shinkafa mai saurin nuna, da kuma FARO 66 da FARO 67, waɗanda aka fitar a 2017 saboda suna jure nutsewa a ruwa har wajen mako biyu. Irin shuka na baɗi a ajiye shi a gidan ɗan'uwa a tudu. Asusun gari kuma, ko da kwano ɗaya ne na hatsi daga kowane gida a lokacin kaka, shi zai sayi buhuna da man jirgi ranar da ake buƙata, kafin agajin gwamnati ya iso. Mata masu adashi sun riga sun san yadda ake riƙe irin wannan amana.

Bayan ruwa ya janye

Sau da yawa cutar da take biyo baya ta fi ruwan kisa. Ambaliya tana haɗa masai da rijiya. Duk rijiyar da ruwa ya shiga sai an kwashe ta an zuba mata sinadarin kulorin kafin a sha, kafin nan a tafasa ruwan sha. In amai da gudawa suka kama mutum a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take: lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin shayi, ana ba shi ana tafiya asibiti. A rataya gidan sauro ko a sansani ne. A kula da macizai, su ma tudu suka gudo.

Ruwan kuma yakan bar alheri a bayansa: laka mai taki, da danshi, da kifi, da ciyawa. Manoman Borno sun daɗe suna dasa masakwa a ƙasar firgi bayan ruwa ya ja, su girbe da sanyi ba tare da ban-ruwa ba. Wanda ya tsira da irinsa zai iya bin danshin da wake ko kankana ko masara ya rage asara.

Aiki

1. Rufin kwano mai tsawon mita 10 da faɗin mita 5 ya karɓi ruwa milimita 60. Lita nawa ke nan? Jarka nawa mai cin lita 25?

2. Ku bayyana da bakinku yadda kachala take sa ruwa ya bar hanyarsa.

3. Ku rubuta sunayen garuruwa biyu da suke sama da naku a kan kogi, da biyu da suke ƙasa. A cikinsu wa kuka sani da za ku iya kira da tsakar dare?

4. Kafin darasi na gaba, kowane ɗalibi ya sami dattijo ɗaya ko dattijuwa a unguwarsu, ya roƙe su su nuna masa inda ruwa ya taɓa kaiwa mafi nisa. Ku auna tsayin wurin daga ƙasa da igiya, ku ƙulla ta daidai nan, ku zo da igiyar aji tare da shekarar da aka gaya muku.